Da Bakina Na Mai da Kakana Aljani

Malam edita, ni dattijo ne daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Bokona bai wuce aji biyu ba, shi ma korata aka yi saboda surutu. Duk garinmu an san in na zauna gindin bishiyar bedi, sai na ƙaga labarin da za a yi ta dariya.

Bayan gari akwai wani dutse, Dutsen Maƙeri. Kakana ne maƙerin. Nan ya narka tama ya fid da ƙarfe, shi ya sare dajin gindin dutsen ya yi gona, wadda nake noma gero a cikinta. Ba mu da takarda, sunan dutsen ne shaidarmu.

Wata rana aminina, wanda aka yi mana kaciya tare, ya zo da ɗalibai daga Ƙaura masu tattara tarihi. Ya ja ni gefe ya ce zancen kakana ba shi da armashi, in ƙara masa gishiri, shi ma in sa kakansa ciki ya samu shiga. Ni kuwa da na ga an kanga mini waya a baki, kai ya kumbura. Na ce ai ba mutum ya taɓa ƙira a nan ba, aljani ne ake jin ƙarar gudumarsa, kuma kakan aminina ne jarumin da ya fara sa gatari a wurin. Har rantsuwa na yi. Aminina yana ta dariya yana dukan cinya.

Da damina ta matso, sai ga sammaci daga gidan hakimi, aminina ya kai ƙara, wai gonar gadonsa ce. Na miƙe zan kawo tarihin kakana, ya ciro waya ya danna. Muryata ta cika zauren. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na faɗa ba, jikan maƙerin ne." Na rantse wasa nake. Hakimi ya tambaye ni wace rantsuwar za a ɗauka, ta jiya ko ta yau. Tsofaffin da suka san gaskiya duk sun rasu. Aka raba gonar biyu, ɓangaren fadama ya faɗa hannun aminina.

Gonar ta yi mini ciwo, amma ba kamar dariyar nan tasa ba, da na gane tun lokacin ya san abin da yake yi. Jama'a, kada ku yi wasa da tarihin gidanku don a tafa muku. Jiya jikata ta dawo daga makaranta tana ba ni labarin aljanin Dutsen Maƙeri. Na ce ƙarya ce. Ta ce malaminsu ya ce daga bakin wani dattijo aka ji.