Kabira da Shamuwa Marar Kai

Kabira maɗinkiyar tuta ce. Ba tutar ƙasashe ba, irin ƙananan nan da jagoran ayarin alhazai yake ɗagawa a kan sanda don mutanensa su hango shi cikin cunkoso. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Kudai da ke Makka ya ga aikin hannunta, sai dai bai san sunanta ba. Ina zai sani? Sunan da ke jikin allon shagon na wanta ne, Tijjani, mutumin da ko zare bai iya zurawa a allura ba. Shi ke karɓar aiki, ya sha shayi da masu ayari, su yaba, ya shafa gemu ya ce, "Baiwa ce daga Allah." Ita kuwa tana can ɗakinta a unguwar Zahir, ƙafarta a kan keke.

A unguwar Nakkasa, nan Makka, aka haife ta. Iyayenta ta Chadi da Sudan suka biyo, suna tafe suna yada zango, har suka iso suka kafa gida a gefen dutse. Uwarta huluna take ɗinkawa, a gabanta Kabira ta koyi riƙon allura. Ta yi aure, mijin direban bas ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata da keken ɗinki. Da hukuma ta zo rushe layinsu na Nakkasa, keken ta fara saukowa da shi daga kan dutsen, ita da wasu maƙwabta mata, kafin ma tukwane. Tijjani a ranar ciwon baya ya tashi da shi.

Abu ɗaya ta gada daga uwarta bayan allura: ba a ɗinka mai rai da kansa. In ayari ya kawo tambari mai dabba, za ta yi jiki da ƙafafu da wutsiya, ta bar wuya a yanke. Raƙumin 'yan Agadas haka ya fita daga ɗakinta, tsuntsun 'yan Indunusiya ma haka. Ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi, don kowa ya san dalili. Ita kanta ba ta ɗauki abin da wasa ba. Tana tsoron ranar da za a ce mata ta busa rai a abin da ta siffanta.

Wata shekara, lokacin umarar hunturu, wani mutum mai suna Mustafa ya shigo shagon Tijjani a rikice. Daga wani ƙauye na Jamus ya kawo ayari, yawancinsu Turkawan da suka tsufa a can. Ubansa Baturke ne, uwarsa kuwa Bajamusa, 'yar asalin ƙauyen, wadda ta musulunta tun tana amarya ta ɗauki sunan Khalida. Yanzu tsufa ya cinye mata tunani. Wani lokaci ko ɗan nata ba ta ganewa. Abin da ba ta manta ba shi ne tutar ƙauyensu, wadda take riƙewa a gaban jerin 'yan makaranta ranar bikin girbi tun tana yarinya. In ta ga tutar nan a gaba, za ta bi ta ko ina. In babu, ko ƙofa ba ta ƙetarawa.

To, tutar ce aka manta a bas ɗin da ya kawo su daga Madina. Sauran ayarin sun je sun yi umararsu, tsohuwa tana zaune a otal da haraminta, ta ƙi motsi. An nuna mata hoton a waya, ta ture. An buga mata a takarda, ta ninke ta sa a ƙarƙashin kofin shayi. Ƙyalle take so, wanda za ta taɓa. Ga ranar jirgi ta matso.

Tijjani ya turo wa Kabira hoton, da saƙon murya cewa a bar komai a yi wannan. Ta buɗe ta duba. Ƙyalle ne rabi fari rabi kore, a tsakiya akwai garkuwa. Ƙasan garkuwar wani farin layi ne mai lanƙwasa, gefe zangarniyar alkama uku, sama kuma tsuntsu fari mai dogayen jajayen ƙafafu, ya tsaya da ɗaya. Ta gane shi. Uwarta takan ba su labarin shamuwa, yadda take sauka a bishiyar tsakar gari in damina ta kusa. Kabira dai ba ta taɓa ganin ta da ido ba.

Ta yi aikin da kyau, wannan kam ba a faɗa. Ta jera gashin fiffike baƙi ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe ƙafar nan kamar da awo. Da ta kai wuya ta tsaya, ta ƙulle zare, ta yanke.

Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara. Mustafa ne da kansa, ya karɓi lambar a wurin Tijjani. Larabcinsa irin na littafi ne, yana fita a hankali.

"Ya Hajja, ɗinkinki ya fi na asalin kyau. Amma mahaifiyata tun da ta gani take kuka. Tambaya take wa ya yanka shamuwar."

"Ba wanda ya yanka ta, ya waladi, ɗana. Haka muke yi a nan."

"Na sani. Na yi mata bayani. Ba ta san Makka take ba, Hajja. Ita a ganinta an kashe tsuntsun ƙauyensu an rataye a sanda."

Sai ya shiga faɗa mata abin da ke cikin garkuwar, kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Koren makiyayar shanunsu ce. Farin layin rafin da ya ratsa ƙauyen ne. Zangarniya uku ƙauyuka uku ne da hukuma ta haɗe su wuri ɗaya, aka daɗe ana rigima kafin kowa ya yarda a yi su tsawo ɗaya. Shamuwar kuwa tana sheƙa a kan rufin tsohuwar makarantarsu, ta tafi in sanyi ya shigo, ta dawo in ya wuce. Shekarar da ba ta dawo ba, tsofaffi sukan ce ƙauyen zai yi rashi. Ya ce a can, ƙauyen da bai kai rabin layi ɗaya na Zahir ba yana da tambarinsa a rajista, kuma ba mai ikon rage masa ko gashi ɗaya.

Kabira ta ce, "Ɗayyib, to," ta kashe wayar. Ta zauna tana kallon keken. Sannan ta kira wanta.

"Yaya, zan je in sa wa tsuntsun nan kai."

"Ke Kabira, kina da hankali? A Makka? Abin da Inna ba ta taɓa yi ba?"

"Tsohuwar da haraminta take zaune."

"Su ɗaura ta a keken guragu su tura mana! Kowa haka yake yi."

"Sun gwada. Ta ciji mai turawar."

"To ba da sunan shagona ba. Wallahi in kika yi, shi ke nan, ki nemi mai kawo miki aiki."

Mutumin da ke wannan maganar, labulen shagonsa ɗawisu ne a jiki, da kai da ido da komai, ɗan China. Shi a wurinsa wannan inji ne ya yi, babu laifi. Kabira ba ta tuna masa ba. Ba ta kuma ce ya yi ƙarya ba, don ita ma abin da ta yi imani da shi ke nan. Ta ɗauki jan zare da fari da baƙi, ta zura abaya, ta tari mota zuwa otal ɗinsu a Kudai. A hanya istigfari take yi, tun kafin ta aikata.

Ta sami tsohuwar a zauren otal, ƙanƙanuwa cikin fararen kaya, idanunta shuɗaye sun yi ja. Tutar tana kan cinyarta, ta rufe wurin wuyan da tafin hannu. Babu harshen da ya haɗa su. Kabira ta zauna kusa da ita, ta zura allura, ta nuna mata farin zaren. Sai da aka daɗe tsohuwar ta janye hannunta.

Kabira ba ta taɓa ɗinka kai ba, kuma hannun ya nuna. Na farko ya fito kamar na agwagwa. Tsohuwar ta buge mata hannu, ta yi wata magana da faɗa.

"Me ta ce?"

Mustafa ya sunkuyar da kai. "Wai bakin ya yi gajere. Wai ke 'yar wane gida ce da ba ki san tsuntsun garinku ba."

"Ce mata 'yar gidan da aka rushe ce. Ta nuna mini."

Tsohuwar ta ja yatsa a kan ƙyallen, dogo, ya ɗan karkata ƙasa. Kabira ta warware ta sake, tana bin yatsar da jan zare. Da aka zo ido ta tsaya. Ɗigo ɗaya ne na baƙin zare, amma a saninta shi ne ke mai da ƙyalle mai kallo. Ta yi bisimilla, abin da har yau ba ta san ko ya dace ba, ta soka allurar.

Khalida ta ɗaga tutar ta duba, ta miƙa wa ɗanta, ta gyara mayafi ta tashi tsaye. Ko waiwayar Kabira ba ta yi ba. Mustafa ya ɗaura tutar a sanda ya yi gaba, uwar tana biye, har cikin bas ɗin Harami. Da la'asar ya turo saƙo cewa tsohuwar ta yi ɗawafi ta yi sa'ayi, an yanke mata gashi.

Tijjani ya cika alkawarinsa. Ya kai aikin wurin wasu masu inji, ya kuma bi dangi yana ba da labari, har da ƙari. Kabira ta koma ɗinkin zanen gado da rage tsawon abaya ga matan layinsu. Wata maƙwabciya ta taɓa tambayarta ko ta je wurin malami ta ji hukuncin abin da ta yi. Ta ce ta je wurin biyu, ɗaya ya ce lalura ce, ɗaya ya ce ta tuba. Ta ɗauki duka biyun.