Bindigar Baba Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Shekara tara ke nan rabona da Gusau, ina nan Makka ina tuƙa wani dattijo a unguwar Tandabawi.

Jiya ina jiransa a falo, ƙanena Lawali ya turo hoton bindigar farautar marigayi Baba, irin wadda ake jan mariƙinta baya da gaba kafin a harba. Wai rufin ɗakin Inna yana yoyo, ya samu mai sayen bindigar, fenti kawai zai shafa wa katakonta.

Maigidana jikan alhazan Kano ne, tara tsofaffin bindigogi shi ne abin sonsa. Albashina kan makara a hannunsa, amma wannan harka ya san ta. Na miƙa masa wayar.

Ya daɗe yana kallo. "Ya Sani, wannan ramin a katakon fa?"

Na ce, "Wurin yatsun Baba ne. Riƙo ne ya cinye shi."

Ya nuna kabad ɗin bindigoginsa. "Duk waɗannan saye na yi. Wallahi babu mai hannun ubana ko ɗaya. Fenti? Haram alaik!"

Nan take na kira Lawali. Ban ga laifinsa ba, shi ruwa ke zuba wa. Na ce rufi a wuyana, amma ya mayar da bindigar jikin bango yadda take.

Shekara tara, ba fili, ba gida. Abin da na tsirar: bindiga ɗaya, da yatsun Baba a jikinta. Kuma jiya da ƙarfina na tuƙa mota.

Ku fa, me mahaifinku ya bari da ba za ku sayar ba?