Ranar da Halilu Ya Kewaye Sawu da Igiya

A ƙauyukan da ke kewayen Dogo-Dogo, in akuya ta ɓata ko an kore saniya, ba wurin jandarma ake fara zuwa ba. Gidan Halilu mai bin sawu ake nufa. Shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa ɗaukar sawu ya ɓace masa ba. Sai ya duƙa ya dubi ƙasa, ya ce maka ɓarawon gajere ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma takalmin aro ya sa. Gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma sunan nan nasa ya fi masa rumbu goma.

Ana nan sai Mahdi mai shayi ya sa tele mai aiki da hasken rana a rumfarsa. Wata la'asar Halilu na zaune aka fara wani wasan Turawa na masu binciken kisan kai. Faransanci ake yi, Mahdi ke fassara masa.

Da farko tsaki Halilu ya yi ta ja. "Mutum shida a kan gawa ɗaya, ba wanda ya dubi ƙasa? Waɗannan ko jaki ba su iya ganowa."

Can sai wata mata ta tsinci gashi, ta sa a na'ura, na'urar ta fito da sunan mai laifi har da hotonsa. Shayin Halilu ya huce a hannunsa.

"Mahdi, gashi fa ka ce? Sili guda?"

"Sili guda, Baba."

Shi ke nan, tsoho ya kamu. Kullum la'asar yana gaban tele kafin kowa, yana yi wa masu binciken faɗa kamar 'ya'yansa. Abin da ya fi tafiya da shi kuwa shi ne zaren nan da suke kewaye wuri da shi, jama'a su tsaya can nesa cikin ladabi. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana korar mutane daga kan sawu da sanda, dole abin ya shiga ransa.

Ran wata kasuwa da safe, Zulai maƙwabciyarsa ta shigo hankali tashe, an kwance mata rago. Halilun da, da tuni ya bi sawu ya yi nisa. Halilun yanzu cewa ya yi a kawo masa igiyar guga. Ya kewaye turken da ita, ya zura safar ƙafa a hannuwansa, ya ɗauko matsefatar cire ƙaya, ya shiga tsintar gashi yana sawa a leda.

To, a garinmu ba a taɓa ganin an ɗaure wa fili igiya ba. Kafin ka ce me, labari ya kai hanyar kasuwa. Masu jakuna suka karkato, masu moto suka tsayar da baburansu, mata suka sauke kayansu. Kowa kuwa ya yi ladabi, ba wanda ya ƙetare igiyar. A wajenta suka yi ta zagaye suna leƙe, daidai inda ɓarawon ya bi da ragon.

Da Halilu ya ɗago, sai ya ga ƙafafu ɗari sun tattake sawun ɓarawon.

Zulai ta matso. "Malam Halilu, me ka gano?"

Ya ɗaga ledar ya duba ta da kyau. "Ragon dai fari ne."

"Shekara biyu ina ba shi dusa! Ni za ka gaya wa fari ne?"

Aka bushe da dariya, har da masu riƙe ciki. Halilu ya zagaya gari har azahar, bai samu komai ba. Rago ya tafi ke nan.

Bayan sati biyu, wata safiya ya fito ƙofar gida ya dubi ƙasa, don idonsa bai san wani abin ba. Ga sawun moto ya zo ya tsaya. Ga ƙafar dama ta sauka, ƙafar Hamman makiyayi ce, ya san ta tun Hamman na saurayi. Ƙafar ta nutse a rairayi, alamar mutumin ya daɗe a tsaye yana shawara. Daga nan tayar ta juya ta kama hanyar Mallawa, inda akwai wani mai bin sawu.

Ba wanda ya gaya wa Halilu an sace bijimin Hamman. Shi ya karanta da kansa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.