Juwairiyya Da Wayar Da Ta Tsallaka Iyaka

Juwairiyya Kalli 'yar Gashua ce, ɗiyar wani manomin tattasai. Ta karanci ilimin kwamfuta a jami'ar garinsu, ta samu aiki a wata ƙungiya mai yi wa dabbobi allurar rigakafi daga Nguru har Yusufari. Sunayen makiyaya, lambobin wayarsu da yawan shanunsu duk suna cikin kwamfutar ƙungiyar.

Ardo Bobboi, shugaban makiyayan gefen Katuzu, shi ya fara ƙorafi. Ya ce mata, "'Yata, makiyayi ba ya shelar yawan shanunsa. Me ya haɗa ma'aikacin Nguru da sanin garkena?"

Ta ga gaskiyarsa. Mako biyu ta yi tana rubuta dokoki a fayil guda: wayar kowane ma'aikaci za ta buɗe bayanan yankin da yake tsaye a ciki ne kawai. Ba sai ta bi wayoyi ɗaya-ɗaya ba. Da ta gyara ta tura, na'ura ce ke raba saitin ga kowa.

Ranar kasuwar Kumagannam sai ga kiran Malam Usaini, dattijon da ke allura a can, shanu na ta kuka a bayansa.

"Malama, wayata ta ce wai ina ƙasar waje! Ni da ko fasfo ban taɓa yi ba!"

Dariya ta ci Juwairiyya har ta dafe tebur. Da ta duba sai ta gano matsalar: garin na dab da iyaka, wayarsa ta kama sabis ɗin Nijar, ita kuwa dokar ta ce a rufe wa duk wanda ya tsallaka iyaka.

"Yi haƙuri Baba, laifina ne. Samu inuwa ka sha shayi."

Ta gyara layi uku, ta sa a riƙa duba ainihin wurin da wayar take a taswira, ba turken sabis ɗin da ta kama ba. Abokiyar aikinta Sakinatu ta karanta ta amince, suka tura. Kafin shayin ya huce bayanan sun buɗe. Shanu fiye da ɗari uku aka yi wa allura ranar.

Mako na zagayowa ta hau bayan a-kori-kura ta tafi Kumagannam da kanta. Ta ce ba za ta sake shata wa gari iyaka ba sai ta taka ƙasarsa. Malam Usaini ya tare ta a tasha, ya zaga da ita ruga-ruga tana gwada wayar, ta komo gida da ƙwaryar man shanu a cinya.