Kusurwar Gasaya

A wani ƙauye da ke kusa da Buji, idan aka ambaci Iya Kubura sai a ce, ta gasaya? Ita ɗin ce. Gajeriyar tsohuwa ce mai saurin tafiya, wadda ba ta iya wuce ciyawa ba ta duba ko ta ci ce ba.

Gasaya ba abin kallo ba ce. Da ƙyar take kai gwiwa, ganyenta kamar yatsun hannu, furenta ƙanana farare, ga wari in an murza. Ba a shuka ta. Ruwa na sauka take fitowa inda shanu suka taɓa kwana, ta yi fure, ta zubar da 'ya'ya, ta mutu. A tafasa ganyen, a tsiyaye ruwan ɗacin, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli.

Tun tana amarya ta tarar da ita a kusurwar arewa ta gonar mijinta, marigayi Malam Nata'ala, inda Fulani ke ajiye shanu da rani. Shekarar da rumbu ya ƙare gero bai nuna ba, da wannan kusurwa ta riƙe 'ya'yanta. Ba ta cika ba da labarin ba. Takan ce dai tsakaninta da gasaya akwai amana.

Da gona ta koma hannun ɗanta na fari, Ɗayyabu, sai ya sayo famfon feshi. Ba mugun ɗa ba ne, noma da fartanya ne ya ishe shi. Lokacin Iya tana Dutse, a Yalwawa, wajen jegon 'yarta Zakiyya, kuma ciwon ƙafa ya riƙe ta can damina biyu. Ɗayyabu ya feshe gona kaf, har kusurwar. Da ta dawo aka yi ruwa, ta je ta tsaya. Ko tsiro ɗaya babu.

Ba ta yi faɗa ba. Da kaka ta ɗauki sanda ta bi rugage, tana roƙon matan Fulani su bar ta ta tsinki busassun kwasfan gasaya a bayan garke. Ta murje, ta ƙulle 'ya'yan a bakin zane. Damina na faɗuwa ta je ta watsa su.

Gari ya ɗauka. Mata a bakin rijiya suka ce Iya ta fara shuka ciyawa, saura ta yi wa ƙaya ban ruwa. Wani dattijo ya tambaye ta buhu nawa take sa rai. Ta ce masa in ta nuna kada ya aiko da kwano.

Tsiron ya kai tsawon yatsa ranar da Ɗayyabu ya goyo famfo. Yana isa kusurwar ya tarar da ita zaune a kan 'yar kujera a tsakiyar gasayar, fartanya a gefe. Ya durƙusa ya gaishe ta da famfon a baya. Ya yi mata bayani a hankali, cewa in aka bar nan, ciyawa za ta bazu cikin gero, kuma shi ba shi da mai nome masa.

Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, don ɗan fari ne. Ko yau ba ta kira ba.

"Kai wannan, fesa mana. Ai ga ni. Ka fara ta kaina."

"Haba Iya, mutane fa na kallo."

"Su kalla. Da wannan ciyawar ka yi ƙashin da kake goya famfo da shi."

Ya ce zai sayo mata alayyahu a kasuwa duk sati. Ta ce alayyahu bai san ta ba ranar da take nema. Ya ce to wa zai nome wurin? Ta ɗaga fartanya ta nuna masa.

Ɗayyabu ya daɗe a durƙushe. Daga nan ya miƙe, ya duba inda iska ke kaɗawa, ya ja baya sosai kafin ya fara feshi. Ita kuwa ba ta tashi ba sai da ta ga famfon ya ƙare.

Duk daminar nan ita ta nome kusurwar, a zaune, tana jan kujera gaba kaɗan-kaɗan. Ƙafar ta kumbura, Zakiyya ta yi waya tana roƙo ta dawo Dutse, ta ce sai gasaya ta zubar da 'ya'ya.

Ranar da ta yi kwaɗon farko ta aika wa Ɗayyabu nasa, aka dawo da kwano a suɗe. Matarsa ta zo da saƙo cewa ko za a ƙara tsinko wa maigida gobe, tunda ga manya-manya can sun yi fure. Iya ta ce waɗannan ba na ci ba ne, na baɗi ne, kuma duk wanda ya taɓa su zai gamu da ita.