Kawu Ilu da Ƙuri'ar Ingila

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Ilu ɗinki a unguwar Rusaifa ta Makka ya san dokar shagon: kada ka je bayan La'asar. Lokacin majalisar Birtaniya ne. Zai jingina wayarsa da kan keken ɗinki, ya sauko da tabarau kan hanci, ya zuba wa wasu Turawa ido suna tashi suna zama a kan korayen kujeru suna yi wa juna ihu. Kawu bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, amma sai ka ji yana cewa wannan ƙarya yake yi, wancan kuma ɗan halak ne. In an gama sai ya murɗa rediyon Hausa ya ji bayani. Idan bayanin ya saɓa da abin da ya fahimta, to mai fassarar ne bai iya Turanci ba.

Ni na fi kowa shan wannan wahala, don ni ce 'yar ƙanwarsa da ke zaune a saman shagon, kuma tun da matarsa ta rasu ni ke sauko masa da abinci. Na sha ajiye tuwo da zafinsa in dawo in tarar ya sandare, shi kuwa yana can yana faɗa da mutanen da ba su san an halicce shi ba.

Ku da kuka zauna da shi kun san dalili, amma bari in faɗa saboda yaran da suka taso daga baya. Zulai ce. Ita kaɗai Allah ya ba shi, a nan Makka aka haife ta, ta yi aure ta bi mijinta Ingila, tana aikin jinya a wani asibiti. Kawu so yake ta dawo, ba ya son komai a duniya kamar wannan. Amma ya ce uba ba ya roƙon 'yarsa. Zuwa wurinta kuma ba ya cikin magana, don tun da iyayensa suka zo da shi yana ƙaramin yaro ya ƙudurta ba zai yi nisa da Masallacin Harami ba, kada ajali ya riske shi a wani gari a yi masa salla a can. Ko Jidda ya je, sai ya dawo a ranar. Sau nawa Zulai ta ce za ta aiko da takardun ziyara, ya ce ta riƙe abinta.

To ranar da ya ji a rediyo cewa mutanen Birtaniya na gardamar ficewa daga Tarayyar Turai, kuma babban abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne wai baƙi sun yi yawa, sai Kawu ya haɗa zancen da kansa. In sun fice za su kori baƙi. Zulai baƙuwa ce. Ke nan Zulai ta kusa dawowa, ba tare da ya buɗe baki ya roƙe ta ba. Daga ranar babu wanda ya kai Kawu Ilu son a fice, har cikin Turawan.

Nan ya samo kalmarsa da kuka sani: “Kowa ya koma gidan ubansa.” Da ita yake buɗe hira, da ita yake rufewa. Wata rana Malam Sirajo, Basakkwacen nan da ke karatun hadisi, ya kawo a rage masa tsawon riga, ya zauna yana sauraro har haƙurinsa ya ƙare.

“Baba, in anka ce haka nan garin, ni da kai wa za ya fara ɗaure kaya?”

Kawu ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Kai ne. Ni baƙon Allah ne, ba baƙon hukuma ba.”

Yana faɗin haka hannunsa na kan aljihun gaba, inda iƙamarsa take, katin izinin zama, a naɗe cikin leda uku da ɗaurin roba. Mutumin da ko bayi zai shiga sai ya shafa ya ji tana nan. Rigar Malam Sirajo kuwa ranar ta ci gidansu, don ana tsakiyar yanka wani ya miƙe a majalisa ya faɗi abin da bai yi wa Kawu daɗi ba. Da malamin ya gwada ta, da kyar ta rufe gwiwa. Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce ai hakan ya fi kusa da sunna, ya gode Allah.

Ranar ƙuri'ar ficewar, cikin azumi ne, zafi kamar a gasa mutum. Kawu ya ce ba zai yiwu a yi abu mai girma haka babu bakin Rusaifa a ciki ba. Ya huda kwalin dabino, ya yayyanka ƙyalle fari da baƙi, fari a fice, baƙi a zauna. Ya sa na bi gidan hawa-hawa ina kiran mutane, ni da ke da girkin buɗa-baki a kan wuta. Matan gida suka sauko, ɗalibai irin su Malam Sirajo suka zo, har Bayamanen da ke gasa burodin tamis a kusa da mu aka jawo, yana ta tambayar wa za a zaɓa. Da aka juye kwalin, baƙin ƙyalle ya rinjayi fari nesa ba kusa ba. Kawu ya dubi tsibin, ya tsince na ɗalibai da na Bayamanen ya ajiye gefe, ya ce baƙi ba su da ƙuri'a. Na ce to ai saura nawa da na matan gida, kuma duk baƙin ƙyalle muka jefa. Ya ce mu an ruɗe mu ne. A ƙarshe ƙyalle ɗaya ya rage a kan tebur, nasa, ya sanar cewa Rusaifa ta fice.

Bai tsaya nan ba. Ya sa na kira masa Zulai, don ya ji cewa irinsu ma suna da ƙuri'a a can. Ya ba ta umarni ta je ta zaɓi ficewa. Ina jin muryarta tana dariya, ta ce, “Baba, so kake in kori kaina da hannuna?” Ya ce shi bai ce ba, shi dai yana duba wa Turawa maslaharsu ne. Na tsaya a kansa ina hararar sa, ina yi masa alama da hannu ya faɗi abin da ke ransa. Ya juya mini baya ya tambaye ta ko ana ruwa a can.

Da gari ya waye aka ce masu son ficewa sun ci, sai da na ji tsoron kada zuciyarsa ta buga don murna. Ya sa na dafa shinkafa da kaza aka raba wa gidan duka a buɗa-baki. Washegari ya kira mai fenti. Ɗakinsa na biyu, inda na yi shekaru ina ajiye tukwanen da nake girkin alhazai da su a Arfa, ya sa aka fito da su tsakar hanya. Aka shafe ɗakin da shuɗi, ya sa katifu uku, ya kulle, ya rataya makullin a wuya. Na ce, Kawu, ina zan kai tukwane goma sha biyu? Ya ce in ji da su, ɗakin yana da mai shi. Shekarar a kan gadona da ƙarƙashinsa tukwane suka yi aikin hajji.

Sai kuma Turawan suka ƙi fita. Wata ya bi wata, shekara ta bi shekara, ana ta ja-in-ja. Kawu ya ce bai taɓa ganin baƙin hali irin wannan ba, mutum ya yi sallama ya sa takalmi, sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar me za a dafa gobe. Wanda ya fi ƙona masa rai su ne masu cewa a sake ƙuri'a. In ya ji su sai ya buga keken da tafin hannu. “An yi an gama, halas! Namiji ba ya magana biyu.” Duk wannan lokacin kuma, kowace salla sai ya ɗinka wa Zulai da 'ya'yanta biyu kaya. Awon yaran daga hoton waya yake ƙiyasta shi. Na ce a aika musu mana, ga masu zuwa umara suna komawa kullum. Ya ce me za a aika wa wanda ke kan hanya. Sai ya ninke ya buɗe ɗakin ya ajiye ya sake kullewa.

Har aka fice ɗin da gaske, Zulai shiru. Wata shekara da aikin hajji, ina kai abinci wani masauki a unguwar Aziziyya, sai bakina ya kuɓuce a gaban Kawu na ce alhazan Ingila ne a gidan. Ban rufe baki ba Kawu ya sa hula ya shige motar kai abincin, tsakanin kulolin miya. Muna isa ya fara tare mutane a ƙofa yana tambayar su da Larabci yaushe za a kore su. Wani dattijo ya ɗauka daga masaukin ake nufi, ya ruga neman jagoransu da takardar ɗaki a hannu. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, ga abokan cinikina.

Allah ya kawo wani likita Bazazzage da ke aiki a can, ya ja Kawu gefe ya zaunar da shi, ya yi masa bayani a hankali. Ya ce ficewar ta fi shafar mutanen ƙasashen Turai ne, su da a da suke shiga ba shamaki. Da suka ragu, sai asibitoci suka koma neman ma'aikatan jinya daga irin ƙasashenmu, shi kansa ƙanwarsa ba ta daɗe da zuwa ba. Ya ce, “Baba, irin 'yarka yanzu riƙe su ake da hannu biyu.”

Kawu ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya juyo gare ni, kamar ni na shirya abin, ya ce, “Wato kazar nan da muka raba, ta ƙarin zamanta ce?”

A mota raina ya gama ɓaci, na sauke masa abin da na yi shekaru ina haɗiyewa. Na ce ko da sun kore ta, Kano za su kai ta, don fasfonta na can ne, iƙamarta ta nan kuwa ta mutu tun da ta yi aure ta tafi. Na ce gidan uban da kake ta kira, hukuma ba ta san da shi ba. Na ce ka tara duniya a kan abin da kalma biyu za ta yi maka: ki zo. Wallahi har yau ina jin nauyin yadda na faɗe shi. Muna isowa Rusaifa ya shige shagonsa. Kwana uku wayar tana kife a kan keken, La'asar ta yi ta wuce shagon tsit, har na fara kewar ihun Turawan.

A rana ta huɗu ya ce in kira masa ita. Na tsaya kusa, na ce yau dai zan ji. Ya yi gyaran murya ya ce, “Zulai, ɗinkin yaran nan yana ba ni wahala, hoto ba ya nuna kafaɗa. A kawo su in auna.” Iyakar roƙon da Kawu Ilu ya iya ke nan, ita kuma 'yarsa ce, ta gane. Bayan wata biyu ta zo umara da yaran.

Da aka buɗe shuɗin ɗakin, kayan suna jere tsibi-tsibi, na kowace salla daban, daga ƙanana zuwa manya. Babu ko ɗaya da ya shiga yaran, duk sun wuce su. Kawu ya ce laifin abincin Turawa ne. Ya ɗauko tef ya auna su, ya sake aunawa, yana riƙe kafaɗar babban ya ƙi saki, yana cewa bai tsaya daidai ba. Zulai ta zauna a bakin katifa da 'yar ƙaramar riga a cinya.

Sati biyu asibitin ya ba ta. Ranar tafiya, mota na jira a ƙofar shago, ta durƙusa a gabansa tana son ta sa shi dariya. Ta ce, “To Baba, ka ce kowa ya koma gidan ubansa, na zo. Amma an yi an gama, can aka ajiye ni.”

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, “A sake ƙuri'ar.”

Muka yi dariya dukanmu, har direban da bai san zancen ba. Ni dai da na hau sama na rufe ƙofa, ba dariya na ci gaba da yi ba.

Bai ga wata sallar ba. An yi masa salla a Harami kamar yadda ya yi shekara da shekaru yana tsaro, kuma da aka zo yi masa wanka, iƙamar tana aljihu cikin ledarta uku. Tukwanena sun koma ɗakin, amma na bar katifa ɗaya, don Zulai ta ce za ta riƙa zuwa.

Ya Allah, ga Iliyasu nan ya zo maka, mai taurin kai, mai son 'yarsa. Ka karɓi baƙuncinsa, ka yafe masa, ka yafe mini abin da na faɗa a mota. Ka saukar da shi gidan da ba a sabunta izinin zama, ka haɗa shi da nasa a inda babu mai sallama ya tafi. Amin.