Gishirin Tokuji a Ƙofar Gidan Likita

Tokuji Hamanaka tsarana ne. Tare muka yi kamun kifi har gwiwoyinmu suka ƙi. Ni na koma ɗinkin komar kifi a bakin tashar jiragen ruwa, shi kuwa ya samu aikin da ya dace da halinsa: riƙe mabuɗin gidan hutun wani likitan haƙori na Osaka, can kan tudu, yana fuskantar teku. Aikin bai wuce buɗe tagogi ba, don kada danshi ya ci tabarmi.

Tokuji ya ga bai kamata a bar iska ta shiga ita kaɗai ba. Kullum da hantsi sai ya ce wa matarsa Fusae ya tafi aiki, ya hau ɗakin sama ya miƙe ya yi ta barci, sai rana ta karkata. A duk garin, can ne kawai muryar Fusae ba ta kaiwa.

Da likita ya rasu, 'ya'yansa suka ba dillali gidan ya sayar. Tokuji ya fara ramewa.

"Toku, gidan ubanka ne?" na tambaye shi.

"Kai da ba ka da mata, me ka sani?" ya ce.

Bai taɓa kushe gidan ba, don mutumin garinmu ba ya faɗin magana kai tsaye. Gishiri ya tula a ƙananan faranti biyu, ya ajiye dama da hagun ƙofa. Wanda duk ya ga gishiri a ƙofar gidan da ba kowa, ya san akwai abin da ake kora. In masu saye suka tambaya, sai ya ja iska ta haƙora, ya karkatar da kai.

"To... ni dai ban ga komai ba. Da rana."

Ba wanda ya tsaya duba bayan gida. Dillali ya share gishiri, washegari ya tarar da sabo.

Ana nan sai ga wata mata daga birni, Natsue Kirishima, wadda ta tsufa a sana'ar gidan abinci. Su a sana'arsu, gishirin bakin ƙofa na kiran masu ciniki ne. Tana gani ta tafa hannu.

"Baba, kai ka sa wannan?"

Tokuji ya ja iskarsa. "To... ni dai..."

"Kai, mutanen bakin teku akwai kunya! Ya yi alheri yana ɓoyewa. Wa ya gaya maka gidan abinci zan buɗe?"

Ranar ce na fara jin Tokuji ya fito fili da magana. "Uwargida, maƙwabta suna cewa ana jin gurnani a ɗakin sama."

Wannan kam gaskiya ne. Duk unguwar mun san gurnanin, mun kuma san mai shi.

"Fatalwa?" in ji ta. "Madalla. 'Yan birni har jirgin ƙasa za su hau don su ci kifi a ƙarƙashinta."

Ta saye gidan a makon. Mace ce mai ladabi. Da ta hau sama ta tarar da matashin kai wanda ya lotsa daidai girman kan mutum, da bargo, da butar shayi. Ta naɗe su tsaf a ƙyalle mai kyau, ta haɗa da kwalin alewa, ta kai har gidan Tokuji. Fusae ce ta buɗe ƙofa.

Ina wurin, na kawo musu kifi. Fusae ta rusuna ta yi godiya, ta sake rusunawa, ta raka baƙuwa har titi. Da ta dawo ta kwance ƙyallen, ta daɗe tana kallon matashin.

"Baban yara," ta ce a hankali, "ashe haka ka sha wahala. Zauna mu yi magana."

Na ajiye kifin na fita.